Tulin ƙasa a tsakiyar gona: me ya sa dokokin Turai ke kare kufan kagara?

Malam Lawal:
Assalamu alaikum. Ina da tambayar da ta daɗe tana damuna, kuma na san a nan ba za a rasa mai amsa ta ba. Na ga hoton wani tudu a tsakiyar gona a Ingila, babu gini a kansa, babu ko dutse ɗaya, sai ciyawa da tumaki, amma aka ce doka ta hana mai gonar ya baje shi, ko ya haƙa shi, ko ya dasa itatuwa a kansa sai da izinin hukuma, wai don kagarar wani basarake ce ta shekaru 900 da suka wuce. Idan kangon dutse ne mai hasumiya, wanda ido ke gani ya san an yi aiki, ban da ja. Amma a ɗaure wa manomi hannu a cikin gonarsa saboda tulin ƙasa, wannan kam ban ga hikimarsa ba tukuna.

Dakta Hadiza:
Wa alaikumus salam, Malam Lawal. Abin da ka gani tuli ne a yau, amma a zamaninsa shi ne kagarar kanta, domin yawancin gidajen yaƙin da aka gina a yammacin Turai a ƙarni na 11 da na 12 da ƙasa da katako aka yi su. Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Ana haƙa gwalalo a kewaye, ƙasar da aka kwaso a tara ta a tsakiya har ta zama tudu mai gangare, sannan a dasa kafi na gumagumai a samansa, a gina hasumiyar katako a ciki. A gindin tudun kuma sai a kewaye wata farfajiya da tata ganuwar da nata gwalalon, inda ake da zaure, da bargar dawaki, da rumbuna, da maƙera, da ɗakin ibada. Faransawa na kiran tudun da suna motte, kuma Ingilishi daga gare su suka aro kalmar.

Lokacin da Wiliyam na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, da irin waɗannan kagarorin ya riƙe ƙasar, saboda ba su bukatar gwanayen magina, sai dai mutane masu yawa da shebur da kwando. Akwai wani dogon ƙyalle mai aikin allura da aka fi sani da sunan garin Bayeux na Faransa, tsawonsa kusan mita 70, wanda a jikinsa ake ganin ma'aikata suna tara ƙasar tudun Hastings. Katakon ya ruɓe tun da daɗewa, shi ya sa ƙasar kaɗai ta rage. Wasu tuddan ma har yanzu suna ɗauke da gini, domin hasumiyar nan mai zagaye ta fadar Windsor a kan irin wannan tudun take zaune.

Malam Lawal:
Na gode, Dakta. To amma kin ƙara mini ƙarfin hujja ne. Idan katakon ya ruɓe, kuma an riga an san yadda tsarin yake, me ya rage a cikin ƙasar da ya cancanci a hana garma bi ta kanta?

Dakta Hadiza:
Abin da ya rage shi ne kusan duk abin da za a iya sani game da wurin, Malam, kuma a saman ƙasar yake, daidai inda bakin garma ke kaiwa. Idan aka kafa ginshiƙin katako a rami ya ruɓe, yakan bar gurbi mai launi dabam da ƙasar da ke kewaye da shi, kuma daga jerin waɗannan guraben ne masana kufai ke gane faɗin ɗaki, da inda ƙofa take, da sau nawa aka rushe aka sake ginawa. A wani wuri da ake kira Hen Domen, kusa da Montgomery a yankin Wels, masanin kufai Philip Barker da abokan aikinsa sun yi tono daga 1960 zuwa 1992, shekara 32 ke nan, suna kankare ƙasa a hankali da ƙaramin cokalin magina. Roger na Montgomery ne ya kafa wannan kagarar jim kaɗan bayan 1066, kuma an daina dogaro da ita lokacin da Sarki Henri na Uku ya fara gina ta dutse a kusa da wurin a 1223. Kafin wannan tonon, mutane da yawa na ɗaukar kagarar katako a matsayin sansanin wucin gadi, fili da 'yan bukkoki. Sai ga shi an tarar da farfajiyar cunkushe da gine-gine, wasu manya ƙwarai, tare da alamun gadar da ke hawa tudun, wadda aka sake ginawa sau da dama. Babu takardar da ta bayyana wannan dalla-dalla. Da a ce an yi wa filin huɗa mai zurfi da tarakta na 'yan shekaru kafin su iso, da ba abin da za su samu sai gaurayayyiyar ƙasa da tsingaro a warwatse.

Alhaji Isiyaku:
'Yata Hadiza, Allah ya ƙara ilimi. Ni dai noma na sani, saboda haka ta fuskar manomi zan yi magana. Duk wanda ya taɓa riƙe gona ya san cewa tudu a tsakiyarta ba ƙaramar wahala ba ce: tarakta sai ta yi ta kewaye, kunya ba ta miƙewa, kuma nan ne ciyayi da ɓeraye ke samun mafaka. Idan al'umma ce ke son a bar tudun don amfanin iliminta, to al'umma ta biya. Ba daidai ba ne a yi kyauta da kayan wani. Shin ana biyan waɗannan manoman diyya, ko kuwa takarda kawai ake aiko musu?

Malama Rukayya:
Baba Alhaji, tambayarka ita ce cibiyar maganar, kuma su kansu Turawan Ingila a kanta suka fi daɗewa suna gardama. Dokarsu ta farko ta kare wuraren tarihi an yi ta ne a 1882, bayan ɗan majalisa John Lubbock ya shafe shekaru yana kai ƙudurin majalisa ana watsi da shi, domin masu filaye na ganin kutse ne cikin haƙƙin mallaka. Ko da ta wuce, wurare 68 kawai ta lissafa, galibinsu na zamanin da ya gabaci rubutu, kuma ba ta tilasta wa mai fili komai ba. Abin da ya sauya lamarin shi ne rikicin kagarar Tattershall, wadda aka gina da jan bulo a ƙarni na 15. An sayar da ita, aka ciccire manyan murhunanta na sassaƙaƙƙen dutse da niyyar fitar da su ƙasar waje, sai Lord Curzon ya sayi ginin a 1911, ya bi sawun murhunan ya dawo da su. Kunyar da wannan ya jawo ce ta taimaka aka yi dokar 1913, wadda ta bai wa gwamnati ikon tsoma baki ko mai wuri bai so ba.

Dokar da ake aiki da ita a Ingila yanzu ta 1979 ce, kuma wuraren da ke cikin jerinta sun kusan 20,000. Saka wuri a jerin ba ya ƙwace shi daga hannun mai shi, ba ya tilasta masa ya gyara shi, ba ya kuma bai wa jama'a damar shiga gonarsa. Abin da yake hanawa shi ne a yi aikin da zai taɓa wurin ba tare da izini ba, kuma yin hakan laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa. Game da kuɗi, shiga jerin kaɗai ba ya kawo diyya. Sai dai akwai yarjejeniyar kulawa da mai fili ke iya ƙullawa da hukuma, akwai kuma tallafin noma da ake biyan wanda ya daina huɗa a kan wurin tarihi ya mayar da shi makiyaya. Wani abin da zai ba ka mamaki, Baba, shi ne dokar ta bar wa manomi ƙofa: idan dama ana nome wurin, zai iya ci gaba muddin bai zurfafa garmar fiye da yadda aka saba ba. Masana kufai sun daɗe suna kuka da wannan sassaucin, saboda a wuri mai gangare ruwa na wanke ƙasar sama kowace shekara, don haka garmar da ba a ƙara wa zurfi ba tana cin sabuwar ƙasa duk da haka.

Alhaji Isiyaku:
To, aƙalla ba su mayar da manomi abokin gaba ba. Amma tallafin da gwamnati ke iya sauya wa tsari duk lokacin da ta ga dama ba shi ne diyya ba, 'yata. Na dai ji, ban ce na gamsu ba.

Nura:
Iyayena da yayyena, ku ba ni dama in faɗi abin da na gani da idona, tunda ina karatu a Ingila. A bara na bi wata hanyar ƙafa da doka ta yarda jama'a su bi ta cikin gonaki, a kan iyakar Ingila da Wels, har na iso wani tudu irin wanda Malam Lawal ya kwatanta. Daga nesa ban ɗauke shi a bakin komai ba. Sai da na sauka cikin gwalalon, takalmina ya nutse a taɓo, na ɗaga kai na ga gangaren ya miƙe a kaina kamar bene mai hawa biyu, sannan na gane abin da ake nufi. Na hau da hannu da ƙafa ina kama ciyawa, ina haki, ba sulke a jikina, ba mai jifana daga sama. Da na kai ƙololuwa kuwa, sai ga mashigin kogi da hanyar da ke bin kwarin duk a tafin hannuna, wanda ya nuna cewa wanda ya zaɓi wurin ya san abin da yake yi.

Mai gonar, wani dattijo, ya same ni a can muka yi hira. Ya ce tumaki kaɗai yake sakawa a kan tudun, domin suna aske ciyawa su hana ƙaya da ƙananan itatuwa kafuwa, amma ba ya barin shanu su hau a lokacin ruwa saboda kofatonsu na kwaɓe gangaren ya zame. Ya nuna mini ramukan zomaye a gefe guda, ga sabuwar ƙasa ja a bakin kowane rami, ya ce waɗannan sun fi kowa ɓarna. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne masu zuwa da dare da na'urar gano ƙarfe, su haƙa ramuka su tafi su bar su a buɗe, alhali doka ta hana amfani da na'urar a irin wannan wurin sai da izini. Ban ji ya yi ƙorafin an hana shi baje tudun ba. Cewa ya yi kakansa ma bai taɓa shi ba.

Injiniya Kabiru:
Ni matsalata dabam ce da ta Malam Lawal. Na yarda a kare, amma wace irin karewa ce a bar abu yana narkewa ana kallo? Idan Dakta ta ce an san inda kowane ginshiƙi ya tsaya, me zai hana a sake kafa hasumiyar da kafin, yaro ya zo ya ga kagara sosai maimakon a ce masa ya ƙiyasta a zuciyarsa? Haka ma kangayen dutse. Katangar da ba rufi ruwa ke shiga cikinta, sanyi ya daskarar da shi, dutse ya tsage. A matsayina na mai aikin gini, na san cewa ginin da ake amfani da shi ya fi wanda aka bari tsawon rai. Faransawa sun gyara ganuwar Carcassonne, ga shi nan duniya na tururuwa zuwa kallo.

Dakta Hadiza:
Injiniya, misalin da ka kawo shi ne ainihin wanda aka fi yin gardama a kansa. Mai zanen gine-gine Viollet-le-Duc ne ya jagoranci aikin Carcassonne tun daga 1853, sannan ya sake gina kagarar Pierrefonds daga 1857 bisa umarnin Napoleon na Uku, kuma ra'ayinsa shi ne mai gyara na iya kai gini ga cikar da wataƙila bai taɓa samu ba a tarihinsa. An soke shi a kan rufin da ya ɗora wa hasumiyoyin Carcassonne, masu tsini da baƙin dutse irin na arewacin Faransa, a yankin da aka saba da jan rufi na ƙonanniyar ƙasa. A Ingila kuwa marubuci John Ruskin ya ɗauki irin wannan gyaran a matsayin rushewa, kuma a kan wannan tunanin William Morris ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a 1877. Yarjejeniyar Venice ta 1964 kan kula da tsofaffin gine-gine ta tsaya a kan cewa gyara ya tsaya inda zato ya fara, kuma duk sabon abin da aka ƙara ya zama ana iya bambance shi da tsohon.

Gurbin ginshiƙi yana gaya maka faɗin ɗaki, amma ba ya gaya maka tsayinsa, ko siffar rufinsa, ko inda taga take. Sannan idan za ka kafa sabon ginshiƙi a tsohon gurbi, dole ka haƙe gurbin, wato ka lalata shaidar da ka dogara da ita. Wanda ke son ganin kagara a tsaye yana da inda zai je. A Guédelon da ke yankin Burgundi na Faransa, tun 1997 ake gina sabuwar kagara da kayan aiki da dabarun ƙarni na 13, a wani tsohon wurin fasa dutse inda babu kufan da za a ɓata.

Injiniya Kabiru:
Na karɓi maganar tudun ƙasa, ranki ya daɗe, amma ban janye ta dutse ba. Ka'idar nan ta bambance sabo da tsoho ita ce ta haifar da abin da aka yi wa hasumiyar Matrera a kudancin Sifaniya, wadda wani sashenta ya rufta a 2013, aka tallafe ragowar da farar katanga sumul, har mutanen ƙasar suka yi ta yi wa aikin ba'a a 2016. A ɗaya hannun kuma ga kagarar Astley a Ingila, wadda gobara ta mayar kango, aka gina gidan zama na zamani a cikin tsofaffin katangunta, aikin ya ci babbar lambar yabon zanen gine-gine ta ƙasar a 2013. Ke nan ba gini a cikin kango ne laifi ba, gwanintar mai yi ce ke bambantawa. Abu ɗaya da zan yarda da masu ra'ayinki a kansa shi ne illar siminti. An yi shekaru ana liƙe tsofaffin katangu da shi, ya fi dutsen tauri, ya kulle danshi a ciki, dutsen ya riƙa marmashewa. Yanzu an koma kwaɓin farar ƙasa, har ma ana shimfiɗa ciyawa da ƙasarta a saman katanga don ta tsotse ruwan sama.

Malam Lawal:
Akwai wani gefen da ba wanda ya taɓo. Dakta ta ce aikin na bukatar mutane masu yawa da shebur da kwando. Su waye mutanen? Ina zargin ba da son ransu suka yi dakon ƙasar ba. Idan haka ne, abin da ake karewa alamar zalunci ce.

Dakta Hadiza:
Zarginka daidai ne, Malam. Kundin ƙidayar dukiya da Wiliyam ya sa aka yi a 1086 ya nuna cewa a birnin Lincoln kaɗai gidaje 166 aka rushe don a samar wa kagara wuri. A zamanin Sarki Stephen, wanda ya yi mulki daga 1135 zuwa 1154 cikin yaƙin basasa, marubutan lokacin sun koka cewa manyan ƙasa sun cika ta da kagarori suna gallaza wa talakawa da aikin gina su, kuma da Henri na Biyu ya hau gado ya sa aka rushe da yawa daga cikin waɗanda aka gina ba da izinin sarki ba. Sai dai ni a nan ne nake ganin tudun ya fi kangon dutse daraja. Sunan basaraken yana cikin takardu ko tudun ya tsaya ko ya baje. Waɗanda suka yi dakon kuwa ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma tudun Thetford, wanda tsayinsa ya kai kusan mita 20 na tsabar alli da aka tara da hannu, shi ne abin da ya rage na guminsu.

Nura:
Abin da dattijon nan ya ce game da kakansa ya tuna mini da Ayilan. A can akwai dubban tsofaffin gidaje masu zagayayyiyar ganuwar ƙasa, waɗanda yawancinsu sun girmi zuwan Normawa, wato zuriyar mutanen Normandi, tsibirin a 1169, kuma abin da ya kare su ɗaruruwan shekaru shi ne imanin mutanen karkara cewa mazaunin aljanu ne, wanda ya taɓa su zai gamu da masifa. Da manyan injinan baje ƙasa suka shigo a ƙarni na 20, tsoron kuma ya ragu, an share da yawa duk da cewa ƙasar na da dokar kare wuraren tarihi tun 1930.

Malama Rukayya:
Shi ya sa, ƙanena, doka ba ta iya kare abin da ba a san da shi ba, kuma ba kullum take rinjayar babban aiki ba. A Jamus, tudun Husterknupp da ke yankin kogin Rhine an tone shi ne wajen 1950 saboda haƙar kwal na tunkaro shi, aka gano yadda gidan gona na fili ya rikiɗe sannu a hankali ya zama kagara mai tudu, sannan mahaƙar kwal ɗin ta cinye wurin baki ɗaya. A Danmak kuma, sai a 2014 aka tabbatar da kagarar Borgring mai zagaye, bayan hoton da aka ɗauka daga sama da hasken leza ya nuna da'irar da noma ya kusan shafewa, ga shi a 2023 ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO tare da sauran kagarorin zamanin Sarki Harald na wajen shekarar 980.

Baba Alhaji, ga wata da na san za ta ba ka dariya. Akwai wata dabba a Ingila mai kama da dage, wadda ke son haƙa gidanta a cikin irin waɗannan tuddan saboda ƙasar da aka tara da hannu ta fi laushi. Dokar 1992 ta hana a kashe ta ko a taɓa raminta sai da lasisi, dokar 1979 kuma ta hana a haƙa tudun sai da izini, don haka manomin da ya ga tana rarake masa kagara sai ya nemi takarda daga hukumomi biyu kafin ya toshe rami ɗaya.

Alhaji Isiyaku:
Dariyar kam na yi, 'yata, amma ki lura da wanda ke yawo tsakanin ofisoshin biyu. Nura, idan Allah ya sa ka sake bi ta wurin dattijon nan, ka tambayar mini shi ko abin da ake ba shi yana isar gyaran shingen da ke hana shanun hawa, ko kuwa daga aljihunsa yake cikawa.